Ɓurɓushin Tayoyin Mota: Ƙurar da ke Sauka a Hanyoyinmu, Gonakinmu da Ruwan Bakalori

Duk mai mota ko babur ya san cewa taya ba ta dawwama. Za a saye ta sabuwa da zanenta mai zurfi, amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga ta suɗe, a kai ta wajen mai faci a sauya wata. Abin da mafi yawanmu ba mu cika tambaya ba shi ne inda robar da ta zaizaye daga jikin tayar ta tafi. Ba ta narke ba, ba ta kuma ɓace ba. Ta zama ƙura da ɓurɓushi ta bazu a kan kwalta, daga nan iska da ruwan sama suka kwashe ta zuwa gefen hanya, da gonaki, da rafuka, da kan abincin da aka shanya.

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan al'ummar Faru da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Maradun, Talatar Mafara da Bakura, tare da jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin al'umma, a kan wannan nau'i na gurɓatar muhalli wanda masana suka fara mai da hankali kansa sosai a shekarun baya-bayan nan.

Mene ne ɓurɓushin roba?

Masana suna kiran duk wani guntun roba ko leda da girmansa bai kai milimita 5 ba da sunan ɓurɓushin roba. Mafi girma daga cikinsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, mafi yawansa kuwa ya fi ƙwayar yashi ƙanƙanta, wani ma ido ba ya iya ganinsa sai da madubin bincike. Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Richard Thompson, na Jami'ar Plymouth, shi da abokan aikinsa ne suka fito da batun fili a shekarar 2004, bayan sun gano irin wannan ɓurɓushi a cikin yashin bakin teku.

Da farko hankali ya fi karkata ga ledoji da robobin ruwa da ake zubarwa, waɗanda rana ke busarwa har su farfashe. Daga baya aka fahimci cewa tayoyin mota suna cikin manyan hanyoyin da wannan ɓurɓushi ke fitowa. A shekarar 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kimanin kashi 28 cikin 100 na ɓurɓushin robar da ke shiga teku tun yana ƙanana daga tayoyi yake fitowa. A wannan shekarar kuma wasu masana a ƙasar Holan suka ƙiyasta cewa tayoyin duniya na zubar da kusan tan miliyan 6 na ɓurɓushi a kowace shekara, wato idan aka raba wa kowane mutum a duniya zai tashi da kimanin giram 800.

Abin da ke cikin taya

Da yawa daga cikin jama'a sun ɗauka cewa taya daga ƙaron itacen roba kawai ake yin ta, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo, Delta da Kuros Riba. Gaskiya ne akwai ƙaron itace a ciki, musamman a tayoyin manyan motoci, to amma wani babban kaso na robar daga man fetur ake sarrafa shi, saboda haka ɗan uwan leda ne, ba ya kuma ruɓewa cikin sauƙi a ƙasa.

Bayan roba, ana zuba wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda shi ke ba taya baƙin launinta da ƙarfinta. Ana sa farar wuta da sinadarin zinki domin robar ta yi tauri, ana sa mayuka domin ta yi laushi, sannan a saka wayoyin ƙarfe da zare domin su riƙe ta. Haka kuma ana sa wasu sinadarai da ke hana taya tsattsagewa saboda iska da rana. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira 6PPD, wanda kusan dukkan kamfanonin taya na duniya suka shafe shekaru da dama suna amfani da shi. Saboda haka kowane ɗan ɓurɓushi da ya faɗo daga taya yana ɗauke da rabonsa na waɗannan abubuwa.

Yadda ɓurɓushin ke fita

Mota ba za ta tafi ba, ba za ta tsaya ba, ba za ta sha kwana ba, sai taya ta kama ƙasa. Wannan kamun da ke tsare rayukan fasinjoji shi ne kuma yake goge robar kaɗan-kaɗan, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Ƙaramar mota takan zubar da kimanin giram 10 a tafiyar kilomita 100, tayarta guda kuma takan rasa kusan kilo ɗaya na nauyinta kafin a jefar da ita. Tirela ko tankar mai, wadda ke tafiya a kan tayoyi goma sha takwas ko fiye da haka ɗauke da tan-tan na kaya, tana zubar da ninkin-ba-ninkin wannan.

Akwai abubuwan da ke ƙara saurin cinyewar taya, kuma dukkansu sanannu ne a hanyoyinmu. Na farko shi ne lodi fiye da ƙima. Na biyu gudun wuce-sa'a, da taka birki da ƙarfi, da fizgar mota lokacin tashi. Na uku rashin isasshiyar iska a cikin taya, domin tayar da ba ta cika ba takan kwanta a kan kwalta, ta yi zafi, gefenta ya cinye. Na huɗu karkacewar ƙafafun mota, wadda kan sa taya ta riƙa jan ƙasa a kaikaice. Na biyar lalacewar hanya, domin kwaltar da ta farfashe tana cin roba kamar magagari. Ga kuma zafin bazara, lokacin da kwalta ke ɗaukar zafin da ke sa roba ta yi laushi.

Dalilin da ya sa batun ya shafi yankinmu

Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Gusau, Bungudu, Maru da Talatar Mafara zuwa Sakkwato tana ɗauke da manyan motocin siminti, mai, hatsi da dabbobi dare da rana. Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, motocin ƙauye, a-kori-kura da baburan kabu-kabu sukan cika gari daga ko'ina. Duk inda ababen hawa ke yawan tsayawa da tashi, kamar tasha, bakin kasuwa, mahaɗar hanyoyi da wurin da aka yi tudun rage gudu, a nan ɓurɓushin ya fi taruwa.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa tasiri. Daga ɗaukewar ruwa a wajajen watan Oktoba har zuwa faɗuwarsa a watan Mayu ko Yuni, kusan wata bakwai ke nan babu abin da ke wanke hanya. A lokacin hunturu iska na kwasar mai sauƙin nauyi ta watsa shi cikin gidaje da rumfunan da ke bakin titi. Wanda ya rage kuwa yana nan yana taruwa har ranar da aka yi ruwan farko, wanda zai wanke tarin wata bakwai a yini ɗaya ya zuba shi cikin kwalbatoci da rafuka. Wannan ne ya sa ruwan farko da ke gangarowa daga kwalta yake fita baƙi ƙirin, kuma shi ne mafi ƙazanta a duk damina.

Daga rafuka sai gulbi. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau kafin ya iso madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala gininta a shekarar 1978, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Ɓurɓushin taya da ya cakuɗa da ɓarɓashin kwalta ya fi ruwa nauyi, saboda haka inda ruwa ya tsaya cik yakan nutse ya kwanta cikin laka. A cikin wannan laka ne tsutsotsi da ƙananan halittun ruwa ke rayuwa, su kuma kifaye irin su tarwaɗa a nan suke kiwo. Daga madatsar ne hanyoyin ruwa ke kai wa gonakin shinkafa da kayan lambu na Talatar Mafara, Bakura da Maradun, inda dubban iyalai ke samun abincinsu, kuma inda aka gudanar da gyare-gyare ƙarƙashin shirin bunƙasa noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a shekarar 2014. Ruwan da ya wuce kuma ya gangara ya haɗu da gulbin Rima a kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu har ya faɗa kogin Neja.

Abin da bincike ya nuna a wasu ƙasashe

A yankin birnin Seattle na ƙasar Amurka, an shafe shekaru ana ganin wani nau'in kifi mai suna koho yana mutuwa a rafukan cikin gari duk lokacin da aka yi ruwan sama, tun kafin ya saki ƙwai. A watan Disamba na shekarar 2020 masana daga Jami'ar Washington suka bayyana musabbabin abin: sinadarin 6PPD na jikin taya, idan ya haɗu da iska, yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai dafi wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe wannan kifi cikin 'yan sa'o'i. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kifaye sun bambanta wajen jure masa, wasu na mutuwa, wasu kuma ba ya yi musu illa a fili. Babu kifin koho a ruwayenmu, amma darasin a bayyane yake, wato abin da ke fita daga taya yana iya kaiwa ga halittun ruwa da ƙarfin da zai cutar da su.

Masana na Jami'ar Biyana a ƙasar Ostiriya sun gwada shuka latas a cikin ruwan da aka sa wa sinadaran taya, suka tarar saiwar ta zuƙe su har sun kai ga ganye. A shekarar 2022 an samu ɓurɓushin roba a cikin jinin mutum 17 daga cikin 22 da aka gwada a ƙasar Holan. A nata ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2019 a kan ɓurɓushin roba a ruwan sha, inda ta ce bisa bayanan da ke hannu a lokacin haɗarin bai kai na ƙwayoyin cuta da ke gurɓata ruwa ba, ta kuma yi kira da a ƙara bincike tare da rage zubar da roba. Abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa kuwa shi ne cewa shaƙar ƙura mai laushi ta bakin hanya, kowace iri ce, tana tsananta tari, asma da cututtukan huhu da na zuciya.

Bisa waɗannan dalilai ne jihar Kalifoniya ta Amurka ta umarci kamfanonin taya a shekarar 2023 da su nemi abin da zai maye gurbin 6PPD, Tarayyar Turai kuma ta zartar da doka a shekarar 2024 wadda a karon farko ta tanadi ƙayyade yawan ɓurɓushin da taya za ta iya zubarwa.

Jama'ar Jihar Zamfara ba baƙi ba ne ga illar ƙurar da ido ke rainawa. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙurar taya ba ta kai ko kusa da dalma haɗari ba, kuma ba a kawo wannan misali don tayar da hankalin kowa ba. An kawo shi ne domin tunatar da mu cewa an fi samun sauƙin tare gurɓata tun ba ta shiga ƙasa da ruwa ba, domin kwashe ta daga baya aiki ne mai tsada da wahala.

Shanya a bakin kwalta

Hanya mafi kusa da wannan ƙura ke bi ta shiga tukunyarmu ita ce shanya a gefen titi. Da kaka, da kuma lokacin kwasar amfanin rani, za a ga an baje shinkafa, masara, barkono, tattasai, tumatir da kuɓewa a kafaɗar kwalta, saboda wurin a share yake kuma yana da zafi. To amma wurin nan shi ne daidai inda ɓurɓushin taya, ƙurar birki, hayaƙi da ɗigon baƙin mai ke sauka. Yankakken tumatir da kuɓewa suna da danshi, ƙura na manne musu, kuma da yawa ba a wanke su kafin a daka. Shinkafar da aka turara aka shanya da ɗuminta ita ma haka take kama ƙura. Bayan haka, tsakuwa da datti na rage wa kaya daraja a kasuwa, masu gadin shanyar kuma, waɗanda galibi mata ne da yara, suna cikin haɗarin mota.

Tsofaffin tayoyi da ƙona su

Tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a shekarar 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a shekarar 2008, ƙasar nan ta dogara ƙwarai ga tayoyin da ake shigowa da su. Tsada ta sa direbobi da dama na sayen tayar gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin kayan da aka haramta shigowa da su, ban da na manyan motoci da ake sake yi wa zane. Tayar da ta tsufa robarta ta bushe, tana marmashewa da sauri, tana kuma iya fashewa a kan gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha jan hankalin direbobi da su duba ranar da aka ƙera taya. Ana gane ta da lambobi huɗu da ke jikin tayar: idan an ga 2322, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2022.

Mafi muni a cikin duk abin da ake yi da tsohuwar taya shi ne ƙona ta, ko don babbakar kai da ƙafa da ganda, ko don ciro wayar da ke ciki, ko don kunna bola. Baƙin hayaƙin yana ɗauke da sinadarai masu haddasa cutar daji, yana manne wa nama, tokar kuma tana barin zinki a ƙasa. Tayar da aka yar a fili kuwa takan tara ruwa da damina ta zama gidan sauro.

Abin da ya kamata a yi

Ga direbobi da masu babura: a riƙa duba iskar taya da ma'auni aƙalla sau ɗaya a wata, da safe kafin taya ta yi zafi. A daidaita ƙafafun mota da zarar an ga taya na cinyewa ta gefe ɗaya. A guji lodin da ya wuce ƙa'ida, a rage gudu tun daga nesa maimakon danna birki a kurkusa. Duk wannan riba ce ga mai mota, domin taya za ta daɗe, mai kuma zai ragu. Kada a ci gaba da hawa tayar da ta suɗe da sunan tattali, domin rai ya fi taya tsada.

Ga manoma da masu sarrafa abinci: a yi shanya a kan tamfol, tabarma ko daɓe, nesa da kwalta. A wanke kayan lambu da busasshen kayan miya da ruwa mai tsabta kafin a dafa. Mai gona a bakin hanya ya bar tazara tsakanin kwalta da shukarsa, ya dasa gamba, jema ko wata ciyawa mai kauri. Gwaje-gwajen da aka yi a jihar Washington sun nuna cewa ruwan titi da aka tace ta cikin ƙasa, yashi da taki ya daina kashe kifi, wato ƙasa da ciyawa matata ce mai arha. Kada a karkatar da ruwan kwalbati kai tsaye cikin fadamar kayan lambu, musamman a ruwan farko.

Ga iyalai da masu sana'a a bakin hanya: masu tsire, ƙosai, fura da yankakken rake su rufe kayansu. A rufe rijiyoyi da randuna. Kada a bar yara su yi wasa a kududdufin da ya taru daga ruwan titi, kada kuma a shayar da dabbobi a nan idan da wani wurin. Mahauta su yi babbaka da itace ko gas.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli da sassan ayyuka, lafiya da noma: a yashe kwalbatoci da magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, a kuma kwashe abin da aka yaso zuwa wurin da aka keɓe, domin idan aka tara shi a bakin lambatu ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. A share tashoshin mota da bakin kasuwanni a watan Afrilu da Mayu, a yayyafa ruwa kafin shara domin kada ƙura ta tashi. Wajen gina sabuwar hanya, a tanadi rami ko fili mai ciyawa da ruwan titi zai tsaya ya tace kafin ya shiga rafi ko hanyar ruwan noma. A gina daɓen shanya na al'umma a garuruwan da ke noman shinkafa da kayan miya, domin hana shanya a titi ba tare da samar da madadi ba magana ce da ba za ta ɗore ba. A keɓe wurin tara tsofaffin tayoyi domin masu sarrafa su zuwa takalma, igiyoyi da sauran kayan amfani su samu a wuri ɗaya.

Har ila yau, zai yi amfani ƙwarai idan manyan makarantun jihar, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka haɗa kai da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NESREA, wajen ɗaukar samfurin laka da ruwa daga madatsar Bakalori da hanyoyin ruwanta lokaci-lokaci, domin hukumomi su riƙa tsara aiki bisa ma'auni.

Kira ga shugabannin al'umma

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu, ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noma, sarakunan ruwa da sarakunan fawa, da su isar da wannan bayani ga mabiyansu, musamman waɗanda ba su da damar karanta shi. Hanya alheri ce, da ita shinkafarmu ke kaiwa kasuwa, da ita mara lafiya ke isa asibiti, kuma babu mai cewa a ajiye mota. Abin da ake buƙata shi ne direba ya kula da tayarsa, manomi ya ɗauke shanyarsa daga kwalta, hukuma kuma ta yashe magudanai kafin hadari ya haɗo. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma tsare mana ruwanmu da gonakinmu.